Ƙofar haske a hannun gwanin hoto

Hasken bakin kogin Kwara ba ya raga wa kyamara. A Dole Kaina, inda ƙasar Kebbi ta haɗa kafaɗa da Nijar, Benin kuma tana nan kusa ta ƙetaren kogi, rana tana dukan mutum daga sama, ruwa kuma ya maido masa da ita daga ƙasa. Wanda bai iya ba, in ya ɗauki hoton masunta suna fitowa da kwale-kwale, sai ruwan ya fito fari fat, fuskoki kuma baƙi ƙirin. Gwani kuwa kafin ya ɗaga kyamara ya riga ya murza wani zobe a jikin gilashinta. Wannan 'yar murzar ita ke burge ni a sana'ar, fiye da tsadar kayan aiki.

Abin da yake murzawa ƙofar haske ce. A cikin gilashin akwai siraran faranti da aka jera suna hawa kan juna, sun bar kafa a tsakiya. Aikinsu irin na ƙwayar ido ne, wadda ke tsukewa a rana ta buɗe a duhu, sai dai ita wannan hannun mutum take jira. Lambobinta su ne f/1.4, f/2, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16, f/22, kuma a nan ɗan koyo ke fara ruɗewa, domin ƙaramar lamba ita ce babbar kafa. Dalili shi ne lissafin rabawa ne: gilashi mai milimita 50 in an sa shi a f/2, faɗin kafarsa milimita 25 ne, a f/16 kuwa da kaɗan ya wuce milimita 3. Duk taki ɗaya da aka yi gaba, hasken da ke shiga ya ragu da rabi.

Tsofaffin masu hoto na zamanin fim suna da ƙa'idar da suka haddace. In rana ta take, a sa f/16, fim mai lamba 100 kuma a ba shi kamar kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa. A kan ruwa mai ƙyalli ko farin yashi sai a ƙara tsukewa. In hazo ya sauko da hunturu, a ɗan buɗe.

Amma da a ce auna haske ne kaɗai aikin ƙofar nan, da kyamarar zamani ta raba mutum da wahala. Inda gwanintar take shi ne kafar ce ke yanke iyakar abin da zai fito tar a hoto. In ta buɗe sosai, wuri ƙalilan ne ke fitowa raɗau, gaba da baya su koma dishi-dishi. In ta tsuke, tun daga igiyar da ke gaban ƙafarka har jirgin da ke tsakiyar kogi duk sai a gan su. Saboda haka mai hoto yana zaɓa wa mai kallo abin da zai kalla. Zai ɗauki mai sayar da busasshen kifi a kasuwa, bayanta cike da buhuna da babura? Sai ya sauko f/2.8, ya saita kan idonta, hayaniyar ta narke, ita kaɗai ta rage. Ya kuma san farashin hakan, don ya ninka haske sau 32 daga f/16, dole marufin kyamara ya ƙifta cikin kashi ɗaya cikin 3200 na daƙiƙa, in ba haka ba hoton ya ƙone.

A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, ake ganin wannan shawara da gaggawa. Dubban masunta ne ke rugawa cikin kogin Matan Fada da gora da homa. Mai son taron ya fito gaba ɗaya yana tsayawa wajen f/8 ko f/11. Da an ɗago giwan ruwa, sai yatsa ya koma kan zoben, kifin da mai shi kawai ake nema. Babu lokacin tunani, hannu ne ya saba.

Ilimin ya daɗe. Hasan ɗan Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin yadda haske ke ratsa 'yar kafa ya zana surar waje a cikin ɗaki mai duhu. A 1858 John Waterhouse na Ingila ya fito da faranti masu huji daban-daban da ake zurawa cikin gilashi. A 1932 su Ansel Adams a Amurka har suka sa wa ƙungiyarsu suna f/64, don son hoton da komai nasa ya fito. Sai dai tsukewa ma tana da iyaka, domin in kafa ta yi ƙanƙanta ainun haske yana bazuwa a gefenta, kaifin hoton ya ragu. Shi ya sa gwanaye suka fi zama a tsakiya, wajen f/5.6 zuwa f/8, inda yawancin gilasai suka fi kaifi.

Yawancin wayoyin hannu kafarsu a kafe take, ba ta motsi, manhaja ce ke kwaikwayon dishi-dishin baya. Tana ƙoƙari a kan fuska, amma a ba ta masunci riƙe da raga, sau da yawa sai ta kasa raba zaren da ruwan da ke bayansa, ta shafe su tare.