Maƙeran Trinidad Masu Sa Duro Waƙa

A shekarun 1880 Turawan Ingila suka hana kaɗa ganga a titunan Trinidad, tsibirin da ke yankin Karibiyan, don tsoron abin da jikokin bayin Afirka za su iya shiryawa idan ganga ta tara su. Jama'a suka koma buga gora a ƙasa. Daga gora aka koma gwangwanin biskit da murfin kwandon shara, har samarin unguwannin talakawa irin Laventille a birnin Port of Spain suka lura cewa inda ƙarfe ya lotsa, sautinsa daban yake fita. Nan sana'ar ta samo tushe.

Kayan aikin bai wuce duron mai na galan 55 da guduma ba. Maƙeri zai kife duron, ya yi ta dukan gindinsa yana zagayawa har ya zurma kamar ƙwarya. Wannan kaɗai aikin sa'o'i ne, kuma idan hannu ya yi nauyi ƙarfen ya tsage, shi ke nan, duron ya tashi aiki. Sai ya zana gurbin kowane sauti, ya bi layin da ƙusa yana dandatsawa don kada wani gurbi ya shiga hurumin wani. Gurbi mai faɗi amo mai kauri yake bayarwa, ƙarami kuma siriri. Jikin duron ma ba a banza ake yanka shi ba: gajere ga mai zaƙin murya, cikakken tsawo ga mai rugugi. Bayan nan a gasa shi a wuta.

Saitin sauti ne wurin da ake sanin gwani. Ƙaramar guduma a hannu, kunne a karkace, ya ɗan taɓa ta sama, ya juya ya taɓa ta ƙasa, ya saurara. Gurbi ɗaya ba amo ɗaya ke cikinsa ba, akwai na asali da wasu siraran da ke bin bayansa, duk sai sun daidaita. Abin haushin, gyaran wannan yakan ɓata maƙwabcinsa, ga shi duron da ke jagorantar kiɗan yana ɗauke da gurabe kusan 30. A ganina haƙurin nan ya fi ƙirar kanta ban mamaki.

Ellie Mannette ne ake yaba wa da fara zurma gindin duro a shekarun 1940, lokacin da ake yi wa masu wannan kiɗa kallon 'yan iskan gari. A 1951 ƙungiyar TASPO ta kai kiɗan bikin baje koli na Landan, Mannette na cikin tawagar. Gasar Panorama ta fara a 1963, inda ƙungiya guda kan fito da makaɗa sama da 100.

A 1992 gwamnatin Trinidad da Tobago ta ayyana wannan duro, da ake kira sitilfan, a matsayin kayan kiɗan ƙasa, kuma tun 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware masa ranar 11 ga Agusta.