Littattafan Al'amuran Yau da Kullum: Amfaninsu da Aibinsu

Akwai waɗansu ƙananan littattafai da suka yawaita a hannun samari a wannan zamani. Wanda ya bi Titin Zariya, daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Ƙauyen Alu da Unguwa Uku, ya kan tarar da su a shimfiɗe gaban masu jarida, ko a hannun 'yan talla a bakin tashar mota. Galibinsu da Turanci a ke buga su, waɗansu kuwa yanzu ko maɗaba'a ba a kai su, ta wayar hannu su ke yawo. Abin da ke cikinsu tambaya ce da amsa a kan al'amuran yau da kullum, watau sha'anin ilmi, da na lafiya, da na hulɗar Nijeriya da sauran ƙasashen duniya. Masu neman aikin gwamnati, kamar ɗan sanda ko kwastan, su suka fi sayensu, domin irin waɗannan tambayoyi a kan yi musu a jarrabawa. Tun da ya ke da yawa daga cikinku, ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci, kuna karanta su, ko kuwa kuna ba 'ya'yanku kuɗin saye, ya kamata mu ɗora su a kan ma'auni mu ga nauyinsu.

Bari mu fara da alherinsu, don kada a ce mun yi zalunci. Suna da araha, ba su da nauyi, mutum ya kan sa ɗaya a aljihu ya duba a cikin mota. Ga abin da ya riga ya auku, wanda ba ya sakewa, sun isa madogara. A cikinsu mutum zai ga cewa Nijeriya ta sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960, ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ran 7 ga wannan wata, an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, an kuma cire Jigawa daga cikinta a 1991. Wanda ya san waɗannan ba ya jin kunya a majalisa, kuma in ana karanta labarai a rediyo yana da turken da zai ɗaure abin da ya ji. Wannan amfani ne babba, ba mu raina shi ba.

To, amma aibinsu na farko shi ne da yawansu ba sa nuna shekarar da aka rubuta amsoshin. A kan sake bango, a bar ciki yadda ya ke. Al'amuran yau da kullum kuwa kamar nono su ke, in sun kwana sai su yi tsami. Ga misali. An kafa Ƙungiyar Ƙasashen Afirka ta Yamma, watau ECOWAS, a Legas ran 28 ga Mayu 1975 da ƙasashe 15. Da Kef Bad ta shiga suka zama 16, da Muritaniya ta fita a shekarar 2000 suka koma 15, sa'an nan ran 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice, saura 12. Ka ga tambaya ɗaya ta sake amsa har sau uku. Haka kuma a 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare, a watan Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar an soke wannan tsari, an koma Turanci. Yaron da ya haddace tsohon littafi zai shiga jarrabawa da ƙarfin zuciya, ya rubuta abin da ya daina zama gaskiya, kuma ba laifinsa ba ne.

Aibi na biyu ya fi na farko girma, shi ne kuwa dalilin wannan rubutu. Littattafan nan suna ba da suna da shekara, su bar dalili. Mu kuwa mun sani ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya san ranar da abu ya faru, bai san abin da ya jawo shi ba, karatun aku ya yi: in ka juya masa tambaya kaɗan sai ya yi shiru. Bari mu bi fannonin nan uku ɗaya bayan ɗaya, mu gwada amsar littafi da abin da mutumin Tarauni ya ke gani a ƙofar gidansa.

Mu ɗauki sha'anin ilmi. Littafi zai ce maka an fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, an kuma ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya na shekara tara a Sakkwato a 1999, an yi masa doka a 2004. Duk gaskiya ne. Amma mai hankali zai ce, in an ba da ilmi kyauta tun 1976, me ya sa aka sake ba da shi a 1999? Me ya sa Gwamnatin Kano ta sake shelar ilmi kyauta kuma dole a 2019, har a watan Yuni 2024 wata gwamnatin ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi? Amsar ba ta cikin littafin. A 1976 yaran da aka kawo makaranta sun fi waɗanda aka yi shiri dominsu nesa ba kusa ba, azuzuwa suka gaza, aka horar da malamai cikin gaggawa, daga baya kuɗin man fetur ya ja baya, shirin ya raunana. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun Tarayya domin ilmin farko, amma da sharaɗin sai jiha ta ajiye nata rabon kafin ta ɗauki na Tarayya, jihohi da dama kuwa sun sha barin kuɗin a ajiye saboda sun kasa cika sharaɗin. Uban da ya san wannan, in ya je makarantar unguwa ya tarar da yara a zaune a ƙasa, ya san abin da zai tambayi kansila da ɗan majalisa. Wanda ya haddace shekaru kaɗai ba abin da zai ce sai Allah Ya kyauta.

Sai sha'anin lafiya. A nan littafi zai gaya maka an kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, ga shi nan kuwa a Titin Zariya kowa yana ganinsa. Zai kuma ce ran 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa cutar shan-inna ta asali ta ƙare a Afirka. Layi ɗaya ke nan, ya wuce. Alhali kuwa in akwai garin da ya kamata a ba da wannan labari filla-filla, to, Kano ce. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani a kan yara a Asibitin Zana. Daga cikin yara wajen 200 da aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a, sai a 2009 aka daidaita da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wannan na cikin abubuwan da suka sa a 2003, da jita-jita ta yaɗu cewa ɗigon shan-inna yana hana haihuwa, mutane suka gaskata, aka dakatar da rigakafin a Kano, ba a ci gaba ba sai a watan Yuli 2004, bayan an samo magani daga Indunusiya. A wannan tsakani cutar ta gurgunta yara masu yawa, ta kuma tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ran 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara, galibinsu mata, a wurare biyu, ɗaya a Unguwa Uku, ɗaya a Hotoro. Duk da haka mata ba su daina shiga gida-gida ba, sarakuna da malamai da masu unguwa suka sa baki, har aka ga yaro na ƙarshe da cutar ta asali ta kama a Jihar Kano a 2014.

Dubi duk abin da layi ɗaya ya haɗiye! Ban da haka kuma, ya bar mai karatu cikin ruɗani, domin zai ce, in cuta ta ƙare, me masu ɗigo su ke nema a ƙofata? Ai da littafin ya ƙara layi biyu, da ya bayyana cewa akwai wani nau'in ƙwayar cutar da ke ɓulla a inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba, kuma cutar ta asali tana nan a Pakistan da Afganistan, mutane kuwa ba su daina tafiye-tafiye ba. Annobar mashaƙo da ta fi tsanani a Kano a 2023 ta nuna abin da ke biyo bayan sakaci da allurar yara. Amsar da ta sa uba ya rufe ƙofa ta fi rashin amsa illa.

Na uku, hulɗa da ƙasashen waje. Littattafan nan su kan jera sunayen shugabanni da manyan birane da hedkwatar ƙungiyoyi, sai mai karatu ya zaci wannan fanni na masu kwat ne a Abuja da Niyok, ba ruwan talaka. Ba haka ba ne. Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Shugaba Bazoum a Yamai. ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar lantarkin da ta ke sayar mata, ba a janye takunkumin ba sai a watan Fabrairu 2024. A watannin nan motocin kaya suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela da Maigatari, fataken dabbobi da na albasa da na wake suka ji a jikinsu, haka 'yan kasuwar Dawanau, haka masu 'yan'uwa a Maraɗi da Damagaram. Littafi ba ya faɗin cewa Kano da Katsina da Maraɗi tun kafin zuwan Turawa hanyar fatauci ɗaya ce, ko cewa ruwan da ke juya injinan Kainji ta ƙasar Nijar ya ke biyowa, ko dalilin da ya sa a 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi. Wanda ya san waɗannan ya gane cewa maganar da aka yanke a taron shugabanni tana iya sake farashin kwanon wake a kasuwar Tarauni.

Ba masu rubuta littattafan kaɗai ke da laifi ba. Mai talla abin da a ke saye shi ya ke kawowa. Muddin masu jarrabawa suna tambayar suna da shekara kawai, haddar suna da shekara za a yi ta sayarwa. Duk da haka akwai gyaran da ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Wajibi ne a buga shekara da wata a bangon kowane littafi. Ya kamata kowace amsa ta zo da layi biyu ko uku na dalili, ko da za a rage yawan tambayoyi. Ya kamata kuma a sami irinsu da Hausa, domin a jihar da ta kafa Hukumar Ilmin Manya tun 1980, har hukumar UNESCO ta ba ta lambar yabo, ba daidai ba ne a koya wa mutum karatu da harshensa, sa'an nan a rufe masa labarin duniya da harshen wani.

Kai kuma mai karatu, kafin a yi wannan gyara, kada ka yar da littafinka, amma kada ka miƙa masa wuya. Riƙe shi da fensir a hannu. Kowace amsa ka karanta, tambayi kanka yaushe aka rubuta ta. In ka ji rediyo ko jarida sun faɗi abin da ya saɓa mata, bincika, ka gyara a gefen shafi, ka sa kwanan wata. In ka ga shekara ba dalili, je ka tambayi malamin makaranta, ko ma'aikacin asibiti, ko direban da ke zuwa bakin iyaka, domin matambayi ba ya ɓata. In ɗanka ya kawo maka hadda, ji shi har ya gama, sa'an nan ka ce masa, "Me ya sa?" In ya amsa, kuɗinka bai tafi banza ba. In ya kasa, ku zauna ku nemo amsar tare.

Ba don mu riƙa maimaita abin da aka rubuta kaɗai muka sha wahalar koyon baƙi da wasali ba. Mun koya ne don mu iya auna magana, mu san wadda za mu ɗauka da wadda za mu ajiye. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.