Tsakanin «cavalier» da «taƙama»: matsalar fassara

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba wata fassara da ke jan masu tafinta a tarurruka irin na Fadar Taruka ta Yamai, wato mayar da «attitude cavalière» ta faransanci zuwa «taƙama». Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na shekarar 2025 ya sa hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, kuskure irin wannan yana iya shiga takardun hukuma, ya sauya abin da mai magana ya nufa.

Kalmar «cavalier» ta shigo faransanci daga «cavaliere» ta italiyanci, ita kuma tushenta «caballus» na latinanci, ma'ana doki. Da farko mahayi take nufi. Daga baya ta ɗauki ma'ana ta biyu: mutumin da ke yi wa jama'a magana ko mu'amala ba tare da ladabi ba. A Ingila ma, lokacin yaƙin basasar da ya fara a 1642, ƴan majalisa sun laƙaba wa magoya bayan Sarki Charles na ɗaya wannan suna don zagi. Ke nan a Turai mahayi ne ya ja wa kalmar baƙin jini.

A hausa kuwa lamarin bai bi wannan hanya ba. Kalmar «barde» tana nufin jarumin da ke kan doki, har ta zama sarauta a masarautu kamar Kano da Zazzau, kuma ba a zagin mutum da ita. Inda doki da girman kai suka haɗu shi ne «taƙama»: a hawan salla ana cewa doki na taƙama in yana taku sannu cikin ƙasaita, haka ma ake faɗa wa mutum mai ji da kansa. Wannan kamanci ne ke ruɗin mai fassara.

Amma a ganinmu ma'anonin biyu sun sha bamban. Mai taƙama kansa yake nunawa, yana son a kalle shi, kuma sau da yawa ba laifi ba ne, domin uba na iya cewa yana taƙama da ɗansa. Shi kuwa mai «attitude cavalière» wani yake rainawa, bai ma damu da yadda ake kallonsa ba. Idan wakilin ƙungiyar ma'aikata ya koka da «réponse cavalière», aka fassara da «amsa cikin taƙama», to an rage wa kokensa nauyi: ya zargi a raina shi, an mayar da zargin kan ƙasaita.

Saboda haka muna ba da shawarar a yi amfani da «raini», «rashin ladabi» ko «halin ko-in-kula», gwargwadon wurin. A bar «taƙama» inda ake maganar nuna isa, na doki ko na mutum.