Hoton Gilda Ɗari da Hotunan Bangonmu

A gidajen Kirista da yawa a New Bell, cikin Duwala, za ka tarar da kalanda mai hoton Yesu fari fat, gashinsa kamar na mace, rigarsa babu ko ƙura. Maƙwabtanmu Musulmi na unguwar Hausawa sukan tambaye mu ko sujada muke yi masa. Tambayar ba sabuwa ba ce.

A shekara ta 1566 mutanen ƙasar Holan suka farfashe siffofi a majami'u, suna cewa gumaka ne. Bayan haka ikkilisiyar Furotesta ta can ta bar bangonta wayam. Sai hoto ya koma gida, a kan takarda. Mai zane yakan shafe farantin jan ƙarfe da kaki, ya zana da allura, asid ya ci layukan, a sa tawada a buga kofe da yawa.

Gwanin wannan sana'a shi ne Rembrandt (1606–1669) na birnin Amstadam. Wajen 1649 ya gama hoton da ake kira Gilda Ɗari, domin an ce kuɗin da aka taɓa sayensa ke nan. Ya tattara Matiyu sura 19 a takarda guda: marasa lafiya suna fitowa daga duhu, uwaye suna miƙo 'ya'yansu, saurayi mai dukiya ya yi tagumi, ga raƙumi a bakin ƙofa. Farisiyawa kuwa, ya zana su da 'yan layuka marasa nauyi, sai ka ce gardamarsu iska ce.

Hoton yana da aibinsa. Rembrandt bai taɓa ganin Ƙasa Mai Tsarki ba, rawunan da ya naɗa wa mutane ƙaga su ya yi. Talakan da ke ciki ma ba zai iya sayen hoton ba. Duk da haka ya fi kalandarmu gaskiya, gama idon mai kallo ba ya tsayawa a kan kyan fuskar Yesu, sai ya bi hannunsa zuwa ga mabukata. Hotunan Yesu Mafa, da aka fara a arewacin Kamaru a shekarun 1970, sun kama wannan hanya.

'Yan'uwa, ga ma'auni. Hoton da ya mai da kai ga Littafi Mai Tsarki da ga maƙwabcinka, malami ne. Wanda ya tsare ka a gabansa, sauke shi.