Fugu: Kifi Mai Guba da Amanar Hannun Kuku a Japan

Masuntan kogin Kwara da na tafkin Chadi sun san talibambam, kifin nan da ke kumbura ya yi suntum da zarar an taɓa shi. Danginsa na cikin teku su Japanawa ke kira fugu, kuma a can abincin alfarma ne na lokacin hunturu, wanda magidanci kan yi tanadi kafin ya kai iyalinsa ci. A hantarsa da ƙwansa, a wasu nau'o'in har da fata, akwai gubar da masanin Japan Tahara Yoshizumi ya raɗa wa suna tetrodotoxin a 1909. Wuta ba ta kashe ta, har yau kuma ba ta da makari. Tana toshe saƙon da jijiyoyi ke kai wa tsoka: leɓe ya fara mutuwa, harshe ya yi nauyi, gaɓoɓi su saki, daga ƙarshe numfashi ya tsaya, alhali sau da yawa mutum yana cikin hayyacinsa. Babban abin da likita zai yi shi ne ya ɗora shi a kan na'urar numfashi har jiki ya fitar da gubar.

Saboda haka ne baƙi ke ba da labarin cin fugu a matsayin caca da rai. Ni ban yarda da wannan fahimta ba. Wanda ya dubi al'adar da kyau zai ga an gina ta ne don a kawar da cacar.

Tarihin ya fara da hani. Ana ba da labarin cewa a ƙarshen ƙarni na 16, lokacin da mai mulkin Japan Toyotomi Hideyoshi ke tara dakaru don mamaye Koriya, sojoji suka yi ta mutuwa da cin kifin, sai ya haramta shi. Hanin ya daɗe, ko da yake talakawa ba su fasa ci a ɓoye ba. Sai a 1888 Ito Hirobumi, firaministan Japan na farko, ya ɗanɗana shi a masaukin Shunpanro da ke Shimonoseki, ya sa aka ɗage hanin a lardin Yamaguchi, inda birnin yake. Tun daga nan Shimonoseki ta zama cibiyar cinikin fugu. A kasuwarta ta Haedomari har gobe dillali da mai saye kan cusa hannuwansu cikin wani hannun riga na ƙyalle, su yi ciniki da matsa yatsu, ba mai jin farashin wani.

Ɗage hani bai hana mutuwa ba. A 1958 kaɗai mutum 176 suka rasa rayukansu. Abin da ya sauya lamarin shi ne lasisi, wanda Osaka ta fara a 1948, Tokiyo ta biyo baya, sauran larduna suka yi nasu. Ba a barin kuku ya yanka wa jama'a fugu sai ya ci jarrabawa: ya bambance nau'o'in kifin da ido, ya feɗe shi a gaban masu dubawa cikin ƙayyadadden lokaci, ya ware kowane sashe mai guba ba tare da kuskure ko ɗaya ba. Kayan cikin ma ba a zuba su a shara, sai a kulle su a mazubi mai makulli a kai inda za a ƙone. Yau mace-macen sun zama ɗaiɗaiku, kuma galibinsu masu kamun kifi ne da suka gyara abinsu a gida. A gidan abinci mai lasisi da wuya ka ji an yi asarar rai.

To, me mutum ke biyan kuɗi mai yawa ya samu? Naman fari ne, ba kitse, ɗanɗanonsa kuma ba ya da ƙarfi. Wanda ya saba da yaji da daddawa zai iya cewa lami ne. Amma yana da tauri da danƙo, shi ya sa ake yanka shi ɗanye fale-fale har ana hango zanen farantin ta cikinsa, a jera shi da siffar fure ko tsuntsu. Ana tsoma shi a ponzu, wato ruwan waken suya da aka haɗa da lemon tsami, da ɗan albasa mai lawashi. Bayan wannan sai soyayye, sai tukunyar romo da ake dafawa a gaban masu ci da ganye da naman kaza, daga ƙarshe a zuba shinkafa da ƙwai a sauran romon a shanye. Kifi ɗaya, ba abin da ake yasarwa sai gubar. Wannan tsari yana koya wa harshe natsuwa, yana kuma nuna aikin wuƙa a fili. Abin da ke ƙarƙashinsa duka amana ce. Mai ci ya miƙa ransa ga wanda bai sani ba, kamar yadda mutum ke miƙa wa wanzami wuya, don ya san akwai horo da doka da sunan gida a bayan wannan hannu.

Inda al'adar ke da tabo shi ne hanta. Masu kwaɗayinta na cewa ta fi kowane sashe daɗi, wasu ma suna neman ɗan zugin da guba kaɗan ke sa wa leɓe. Wannan kwaɗayi ne ya kashe Bando Mitsugoro na Takwas, fitaccen ɗan wasan kwaikwayon gargajiya na kabuki da gwamnati ta karrama, a birnin Kiyoto a watan Janairun 1975, bayan ya ci hantar har kaso huɗu. Kukun da ya biye masa ya ci amanar sana'arsa, komai girman baƙon. A farkon shekarun 1980 aka haramta sayar da hantar a duk faɗin ƙasar, kuma hukuma ba ta wasa da batun. A Janairun 2018, da wani kanti a garin Gamagori ya sayar da fakiti biyar da hanta a ciki, da lasifikokin gargaɗin bala'i aka yi ta shela a gari kada kowa ya ci.

Sai dai akwai abin da masu sana'ar ba su cika son a tono ba. Bincike ya nuna kifin yana tara gubar ne daga abin da yake ci a teku, asalinta kuma ƙwayoyin bakteriya ne. Masana a Jami'ar Nagasaki sun gwada fugun da aka yi kiwo da abinci mai tsabta, ba su sami guba a hantarsa ba. Mafi yawan torafugu, nau'in da ya fi daraja, na kiwo ne a yau. Ke nan wani kaso na tsadarsa da kwarjininsa yana rayuwa ne a kan tsohon tsoro, 'yan yawon buɗe ido kuma suna sayen labarin da za su koma gida su bayar. Wannan ɓangaren bai burge ni ba.

Lardin Saga ya nemi a ba shi izinin sayar da hantar fugun kiwo, hukumar kula da lafiyar abinci ta ƙasar ta ce a 2017 ba ta gamsu da hujjojin ba. Masu kiwo sun ga an tauye su, kuma ƙorafinsu ba na banza ba ne. Duk da haka ina ganin hukumar ta yi daidai. Hantar kiwo da ta teku kamarsu ɗaya a faranti, ranar da mutane suka saba ganin ana cin ta kuwa, masuncin da ya kamo nasa a bakin teku shi zai fara gwadawa a gida.