Kowa na waƙar mai kisa, wa zai yi ta mai gida?

Duk fadar da ka zauna a Madawa, Buza ko Keita, kafin shayi na biyu ya sauka sai wani ya miƙo maka salula ka ga dambe. Bidiyon bai cika minti ɗaya ba: an ja daga, an kai naushi, mutum ya zube, fili ya ɗauki ihu. Irin na Dambe Warriors ne, ko waɗanda ake ɗauka a gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja. Suna da daɗin kallo, ba gardama. Amma ƙorafina a kansu shi ne sun mayar da dambe kisa kawai, kuma wanga gajeren tunani ya fi salula tsufa.

Mu koma ga waƙar Shago ta Ɗan Anace, wadda iyayenmu suka sha ji a rediyo da kaset. Wajen zuga ba ta da na biyu. Kalangu na tashi, kirari na bin kirari, har makaɗin ya kai jarumtar Shago lahira. Matsoraci ma in ya ji ta sai tsikar jikinsa ta tashi. To amma zuga ce ta minti biyar ɗin da ɗan dambe zai shiga fili. Wanda ke share filin, da wanda ke naɗa ma yaro zare a hannu, da wanda ke ɗaukarsa zuwa likita in haƙori ya fita, duk suna bayan fage. Ɗan Anace bai yi laifi ba, aikin makaɗi ke nan. Laifin namu ne, mu masu rubutu, da muka gaji zugar muka tsaya nan.

Ku tambayi duk mai riƙe da wurin horon samari, ko na damben gargajiya ko na zamani mai safar hannu, ku ji yadda yininsa yake. Tun asuba yana bi gida-gida yana tada masu gudu. Buhun yashi ya yage, shi zai ɗinke. Kuɗin wata jika guda ne, rabin yaran ba su kawo ba, kuma in ya kore su wurin ya mutu. Uban wani ya zo da faɗa, wai an hana ɗansa zuwa ban ruwan albasa. Da an gama girbi kuma, wanda ya fi kowa hannu ya ɗauki jaka ya tafi ci-rani Legas ko Abijan, sai a sake farawa da sababbi.

Mafi wuyar aikin shi ne yaron da aka kashe a turmin farko. Da can in ka faɗi, ƴan kallo ne kawai suka gani. Yanzu kafin ka kai gida faɗuwarka ta riga ka, tana yawo a WhatsApp, ƙannenka ma sun kalla. Wace magana za a faɗa ma wanga yaro ya dawo gobe? Kirari ba ya aiki a nan, don kirari na mai nasara ne. Mai gida na ƙwarai zai same shi shi kaɗai, ya nuna masa inda ya sauke hannun tsaro, ya sa masa ranar da zai sake shiga, ya haɗa shi da tsaransa. Wagga dabara ita ke riƙe da dambe, kuma ba ka ganinta a bidiyo ko ɗaya.

Kada a ce ƙaramin abu ne. Issaka Dabore ya ciyo ma Nijar lambar tagulla a dambe a wasannin Olamfik na Munik a 1972, lambarmu ta farko. Sai da aka yi shekara 44 kafin Abdoul Razak Alfaga ya kawo ta biyu a Riyo a 2016, ita ma a taikwando. Dabore ya rasu a 2021 ba tare da wani ɗan dambenmu ya taka sawunsa ba. Ƙarfi bai ƙare a ƙasar ba. Dubi kokowa: tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, tana da matakala daga ƙauye zuwa jiha zuwa ƙasa, da masu horo da ake sani. Jarumi guda ba ya haihuwar wani in babu gidan da zai raine shi, ko gwani ma da goyo ya fara.

Don haka, ƴan'uwa masu alƙalami da masu ɗaukar hoto, ga aiki. In za ku ɗauki dambe, ku iso tun kafin makaɗa. Ku bi wanda ya faɗi har gida, ku koma bayan kwana bakwai ku ga ko ya dawo horo, ku tambayi wa ya dawo da shi. Ku rubuta nawa mai gida ya kashe a wata da inda ya samo. Wanga labari ya fi na kisa wuyar rubutu, amma shi ne zai sa wani saurayi a Buza ya yi tunanin buɗe wuri, ya kuma san abin da ke jiransa.