Adon Kayan Gida a Ƙasar Hausa: Ƙwarya, Faifai da Jere

Adon kayan gida shi ne ƙawata abubuwan da ake amfani da su yau da kullum, irin su ƙwarya da faifai da tabarma da matashin kai, ta hanyar zane ko rini ko saƙa ko ɗinki. A ƙasar Hausa, tun daga Zariya da Kano da Katsina har Maraɗi da Damagaram, yawancin wannan aiki a tsakar gida ake yin sa, da kayan aikin da ba su wuce wuƙa da basilla da allura da garwashi ba. Babbar siffarsa ita ce adon yana zaune ne a jikin abin da ake mora. Ƙwaryar da aka yi wa zane, a cikinta ake dama fura, faifan da aka ƙawata kuma da shi ake rufe tuwon maigida. Don haka rayuwar kowane irin ado tana ɗaure da amfanin abin da ke ɗauke da shi. Muddin ana bukatar abin, adonsa zai ci gaba da sabuntuwa. Ranar da aka sami madadinsa, masu yi masa ado sai su fara raguwa.

Kayan aiki da launuka

Gona da daji su ne tushen kayan wannan sana'a. Duma ke ba da ƙwarya da danginta. Goriba ke ba da kaba, wadda ake tsagawa a yi faifai da tabarma da mafici da malafa da igiya. Ganyen giginya ma ana saƙa da shi, ciyayi masu ƙarfin kara kuma su ne cikon da ake naɗe wa kaba. Auduga ta ba da zare, fatar akuya ta ba da matasai da jakunkuna.

Launukan gargajiya kaɗan ne, amma suna da kama jiki. Ja daga karan dafi yake fitowa, wato wata irin dawa da ake nomawa don launin da ke jikin kubenta, ana dafa shi da kanwa. Shuɗi daga baba ne, kuma marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, shaida ce ta daɗewar aiki da shi. Ruwan ɗorawa ana samun sa daga saiwar rawaya ko gangamau. Baƙi kuwa yana fitowa ne idan ruwan bagaruwa ya haɗu da tsatsar ƙarfe, dabarar da dukawa suka daɗe da sani. Ƙarancin launukan nan shi ya horar da idon masu sana'ar. Da yake ja da baƙi da farin kaba ne kawai a hannu a mafi yawan lokaci, sai kyan aiki ya koma ga tsari da daidaito da sanin inda za a bar fili.

Ƙwarya

Siffar duma ita ke yanke hukuncin abin da zai zama. Babba mai faɗi ya zama masaki, matsakaici ya zama ƙwarya, ƙarami ya zama ƙoƙo. Mai dogon wuya idan aka raba shi biyu ya ba da ludayi, idan aka bar shi ɗungurungum ya zama gora ko buta. Dogo siriri shi ne zungurun da mata ke zura hannu a ciki lokacin ƙunshi, shi ne kuma shantun da suke kaɗawa. Kafin a kai ga ado sai an bar duman ya ƙosa, a fafe shi, a jiƙa har totuwar ta ruɓe, a kankare ta, a yi ta sauya ruwa har ɗacin ya fita, sannan a shanya. Aiki ne na kwanaki, shi ya sa Hausawa ke cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanyoyin yi wa ƙwarya zane uku ne manya. Ta farko ita ce zane da wuta. Ana sa bakin wuƙa ko tsinken ƙarfe a garwashi, idan ya yi zafi a ja layi da shi a bayan ƙwarya, ya bar baƙin sawu. Mai wannan aiki yakan ajiye ƙarafa biyu ko uku a wuta, yana ɗaukar wannan yana mayar da wancan, don kada zafi ya yanke masa a tsakiyar layi. Gefen wuƙar kuma da shi ake ƙona fili guda ya yi baƙi. Hanya ta biyu ita ce sassaƙa da kankara, inda ake fere fatar baya mai ruwan ɗorawa a wasu wurare, farin da ke ƙarƙashi ya bayyana, zanen ya tsaya a kan fatar da aka bari. Sau da yawa akan fara shafa wa ƙwaryar jan karan dafi kafin a fere, ko a goga alli a wuraren da aka kankare don farin ya ƙara fitowa. Ta uku ita ce tsaga siraran layuka da tsini ba tare da wuta ba, daga baya a cuɗa gawayi da mai a goga a kai, baƙin ya shige cikin tsagar.

Duk hanyoyin nan abu biyu ke wahalar da su: bayan ƙwarya ba shimfiɗaɗɗe ba ne, kuma kuskure ba ya goguwa. Gwani yakan fara da zagaye baki da layi ɗaya ko biyu, ya raba jikin gida huɗu ko takwas daga gindi, sannan ya cike kowane gida da zobba ko kusurwoyi ko gidajen dara ko dagi. Idan rabon farko ya karkace, zanen ƙarshe ba zai haɗu da na farko ba, kuma duk mai ido zai gani.

Sana'ar ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A kasuwannin ƙasar Hausa maza ne suka fi shahara da sassaƙa ƙwarya don sayarwa, amma a arewa maso gabashin Nijeriya, a tsakanin Fulanin Adamawa da Ga'anda da Tera da Yungur, aikin ya fi yawa a hannun mata, kuma kowace al'umma ana gane ta da salon zanenta. Matan Fulani makiyaya suna ɗaukar tarin ƙorensu a matsayin dukiya, suna baje su a lokutan taro. Hoton masu tallar nono ɗauke da ƙore da ke bayan takardar naira goma ya nuna matsayin da ƙwarya ta samu a idon ƙasa. Darajarta ce kuma ta haifar da sana'ar gyartai, mai bin gida-gida yana ɗinke wadda ta tsage.

Faifai da danginsa

Faifai ɗinki ne fiye da saƙa. Ana jiƙa kaba don ta yi laushi, a tsaga ta siri-siri, a rina wadda za a rina. Daga nan a ɗauki damin ciyawa ɗan siriri, a naɗe shi da kaba, a lanƙwasa shi ya zama cibiya. Kowane sabon zagaye ana huda na bayansa da basilla, a zura kaba, a ja ta da ƙarfi ta ɗaure su wuri guda. Haka ake bi har faifan ya kai faɗin da ake so, sannan a kashe baki.

A nan zane ba a bayan gama aiki ake ɗora shi ba, tare da jikin faifan yake tashi. Mai ɗinki tana ƙirga huji, idan ta kai inda launi zai sauya sai ta saki farar kaba ta kama ja ko baƙa. Da yake kowane zagaye ya fi na bayansa tsawo, dole ta ƙara huji a kowane gida daidai wa daida, in ba haka ba tauraron da take fitarwa zai zo da reshe ɗaya dogo ɗaya gajere. Wannan lissafi ba a rubuta shi, a ka ake riƙe shi, kuma yarinya tana koyonsa ne a gefen uwarta ko kakarta. Masana faifai suna duba abu uku: matsewar ɗinki, ta yadda ciyawar ciki ba za ta leƙo ba, kwanciyar faifan a ƙasa ba tare da ya banƙare ba, da tsabtar bayansa, domin a can ake ɓoye bakin kaba, a can kuma ake kama mai gaggawa.

Da dabarar nan ake yin matankaɗi na tankaɗe gari, da marufin ƙwarya, da adudun ajiye tufafi. Na aikin yau da kullum akan bar shi fari ko a yi masa zobe ɗaya, na rufe abincin maigida ko na baƙi ko na ɗakin amarya shi ke shan ado. Tabarma da mafici kuwa saƙa ce ta saɓa kaba a kan kaba, inda ake saƙa dogayen ɗauri sannan a haɗa su gefe da gefe.

Jere

Ɗakin matar aure shi ne dandalin da duk waɗannan kaya ke haɗuwa. Iyayen amarya ke tanadar kayan ɗaki, sau da yawa uwa takan fara tari tun yarinya tana ƙarama, kuma kafin a kai amarya mata 'yan'uwa su je su yi jere. Kayan jere mallakar matar ne, ba na mijin ba. Idan bukata ta taso tana iya sayar da wani abu daga ciki, idan aure ya mutu da su take fita, idan 'yarta ta isa aure daga ciki take fara haɗa mata nata. Wannan ya sa ado a ɗakin mace ya zama ajiyar dukiya da kuma shaidar gatan da take da shi a gidansu.

Abin da ake jerawa ya yi ta sauyawa. Da fari ƙore ne da akusa da faya-fayai, wasu a ƙasa wasu a rataye cikin ragaya. Masu hali suka ƙara da tasoshin tagulla, irin waɗanda maƙeran Bida suka shahara da su. A ƙarni na 20 kwanukan fenti suka shigo daga Turai da Asiya, daga baya aka fara ƙera su a masana'antun Nijeriya, sai kwalla da langa da samira suka cika bango daga ƙasa har sama. Magina ma suka karɓe su, suna manna faranti mai fure a inda bakunan rufin soro suka haɗu. Bayan kwanukan fenti, kabad mai gilashi ya zo da tangaran da kuloli. Tsarin jeren bai sauya ba, babba a ƙasa ƙarami a sama, launi yana amsa launi, amma rabon aikin hannu a cikinsa ya yi ta raguwa, domin kayan da aka saya da furensu suke zuwa.

Sababbin kaya

Ƙwarya da faifai ba su ji wannan sauyi daidai ba. Kwano da roba sun ƙwace aikin ƙwarya kai tsaye, tunda ba sa fashewa da wuri kuma ba sa bukatar jiƙo ko gyartai. Ƙwarya ta rage a inda ake ganin ta fi, kamar damun fura da tallar nono da kiɗan ƙwarya na mata, zanenta kuma ya karkata ga kasuwar masu sayen tsaraba da masu ƙawata falo da otal. Faifai kuwa dabararsa ba ta damu da irin zaren da aka ba ta ba. Galura ta kawo kore da shunayya da ruwan hoda, sannan mata suka fara naɗe ciyawa da zaren buhu da leda mai launi da ulu. Siffa da lissafi na nan yadda suke, abin naɗin ne kawai ya sauya, kuma leda ta zo da wata fa'ida, wato ana iya wanke ta.

Haka abin yake a sauran sassa. Hannun da ya saba da ɗinkin hula ya koma yi wa zanen gado da rigar matashi fure. Saƙar ulu ta kawo marufin kwano da shimfiɗar tebur, duwatsun ado suka hau kwalabe da kwandunan lefe, ƙyallayen da tela ya zubar suka zama shimfiɗar bakin ƙofa. Sai dai sababbin kayan suna da nasu aibin. Galura mai arha tana koɗewa a rana, leda tana narkewa idan ta taɓa tukunya mai zafi, yawan launi kuma yakan rufe raunin ɗinki ta yadda mai saye ba zai lura ba sai an kwana biyu.

Ciniki da koyo

Wannan sana'a ta dace da zaman mace a cikin gida, domin jarinta kaɗan ne, ana iya ajiye ta a ɗauka tsakanin girki da reno, kuma yara ko dillaliya ke kai kayan ga masu saye. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 game da irin wannan ciniki na mata da ke gudana daga gida zuwa gida ba tare da an gan shi a kasuwa ba. Abin da ya fita waje yana isa manyan kasuwanni irin su Kurmi ta Kano, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. A Yamai, gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959, yana da sashen da masu sana'ar hannu ke aiki suna sayarwa. Yau kuma wayar hannu ta zama dillaliya, mata suna tallata aikinsu ta WhatsApp da Facebook.

Matsaloli biyu ne suka fi tsaya wa sana'ar. Ta farko farashi: faifai mai kyau yana cin kwanaki, amma mai saye yana auna shi da kuɗin farantin roba. Ta biyu koyo: dabarar daga hannu zuwa hannu take tafiya, idan tsara ɗaya ta tsallake ta, babu littafin da za a koma a ɗauko ta. Cibiyoyin koyar da mata sana'a sun fi mayar da hankali ga ɗinkin keke da saƙar ulu da haɗa sabulu, alhali zanen ƙwarya da ɗinkin faifai ba su bukatar injin ko lantarki. Sanya su cikin darussan sana'a na makarantu da cibiyoyin, tare da ɗaukar hotunan tsofaffin zane-zane da sunayen da masu yin su ke kiran su, shi ne mataki mafi sauƙi kuma mafi arha na tsare wannan ilimi tun tsofaffin da suka iya suna raye.